Ƙwallaye goma da Camelot ya ƙara a 2015: nazarin wata tallar caca a Birtaniya

A watan Yunin 2015 kamfanin Camelot, mai riƙe da lasisin gudanar da cacar ƙasa ta Birtaniya a lokacin, ya sanar da cewa daga watan Oktoba zai sauya fasalin babban wasansa, wato Lotto. Albishir biyu ya kai wa jama'a. Na farko, damar cin kyauta za ta tashi daga 1 cikin 54 ta koma 1 cikin 9.3. Na biyu, damar mutum ya wayi gari miloniya za ta gyaru daga 1 cikin miliyan 14 zuwa 1 cikin miliyan 10. A cikin sanarwar kuma aka ce za a ƙara ƙwallaye goma a injin, lambobin da ake zaɓa daga cikinsu su tashi daga 49 su koma 59.

Duk wanda ya zauna ajin lissafi a sakandare zai ji akwai lauje cikin naɗi. Ina aka taɓa ƙara yawan lambobi kuma dacewa da su ta ƙara sauƙi? Sai dai idan aka ɗauki biro da takarda, alƙaluman nan biyu duk suna fita. Camelot bai ƙirƙiro su ba, bai kuma yi kuskuren lissafi ba. Wannan ne ya sa lamarin ya cancanci a zauna a kansa, domin mai tallar da ya shara ƙarya kama shi ba wuya. Wanda ya zaɓo gaskiya biyu ya ɗaga su sama, ya tura ta uku can ƙasan shafi, shi ne mai wuyar sha'ani. Hukuncin caca a addini sananne ne, ba shi ake tattaunawa a nan ba. Abin dubawa shi ne yadda aka juya alƙaluma.

Yadda wasan yake kafin a taɓa shi

Gwamnatin Firaminista John Major ce ta kafa cacar, aka fara fitar da lambobi ranar 19 ga Nuwamba 1994, kai tsaye a talabijin na BBC. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Ka biya fam ɗaya a shago, ka zaɓi lambobi shida tsakanin 1 da 49. Ranar Asabar, daga 1997 kuma har da Laraba, inji ya juya ƙwallaye ya fito da shida, sannan ya fito da na bakwai da ake kira ƙwallon ƙari. Wanda ya dace da uku ya sami fam 10, wanda ya dace da shidan ya ɗauki babbar kyauta, ko ya raba ta da waɗanda suka dace tare da shi.

A wancan lokaci, kuɗin da aka tara, kusan rabi ne ke komawa ga 'yan wasa a matsayin kyaututtuka. Kimanin kashi 28 cikin ɗari na tafiya ga abin da doka ta kira ayyukan alheri, wato wasanni da al'adu da gine-ginen tarihi da ƙungiyoyin agaji. Kashi 12 harajin gwamnati ne. Ragowar na masu shaguna ne da na kamfanin. A riƙe wannan rabon, za a buƙace shi a gaba.

Lissafin babbar kyauta kuwa ga shi. Ƙwallon farko na iya zama kowanne cikin 49, na biyu cikin 48 da suka rage, haka har na shida cikin 44. A ninka waɗannan shidan, a raba da 720, tunda ba ruwan wasan da wanda ya riga wani fitowa, kuma lambobi shida ana iya jera su ta hanyoyi 720. Abin da zai fito shi ne 13,983,816. A yi haka da 59, sai a sami 45,057,474. Ƙwallayen sun ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar kacal, amma wahalar ta ninka fiye da sau uku. Mai sayen layi ɗaya, wato jerin lambobi shida, kowace Laraba da Asabar, a tsohon tsari zai jira shekara dubu 134 a matsakaicin lissafi kafin ya dace. A sabon tsari shekara dubu 433.

Tallar farko ta 1994 ba ta ɗauke da alƙalami ko ɗaya. Wani ƙaton hannu ne ke saukowa daga sama yana nuna mutum da yatsa, ana cewa wataƙila kai ne. Maganar ba ƙarya ba ce, dole dai wani ne. A 2002, da ciniki ya ja baya, shugabar kamfanin ta lokacin, Dianne Thompson, ta faɗi a bainar jama'a cewa mutane sun gane wataƙila su ne, amma mai yiwuwa ba su ba ne, kuma wanda ya ci fam goma ma ya yi sa'a. Jaridu suka yi ta yayata zancen kamar ta yi ɓaranɓarama. A ganina ba a taɓa jin bayani mafi daidai daga bakin kamfanin ba.

A Oktoban 2013 aka ninka kuɗin layi ya koma fam biyu, kyautar lambobi uku ta tashi zuwa fam 25, aka kuma shigo da ƙuri'a: kowane layi na zuwa da lambar ƙuri'a, a kowane zagaye a ciro aƙalla mutum 50 a ba kowa fam 20,000. Shekara biyu bayan nan ƙwallaye goman suka zo. Idan aka haɗa sauye-sauyen biyu, fam biyun da a 2012 ke sayen layi biyu, wato damar kusan 1 cikin miliyan 7, a ƙarshen 2015 layi ɗaya take saye mai damar 1 cikin miliyan 45. Ninki shida da ɗoriya.

Albishir na farko: 1 cikin 9.3

A tsohon tsari kyauta daga lambobi uku take farawa, kuma duk kyautar da aka ci kuɗi ce. Damar dacewa da uku 1 cikin 57 ce, huɗu 1 cikin 1,032, biyar 1 cikin 55,492, biyar da ƙwallon ƙari 1 cikin 2,330,636. A tattara su duka, a nan aka sami 1 cikin 54.

Da ƙwallaye suka zama 59, kowane mataki ya yi nisa. Uku ta koma kusan 1 cikin 96, huɗu 1 cikin 2,180, biyar 1 cikin 144,415, biyar da ƙari 1 cikin 7,509,579. Babu ko ɗaya da ya gyaru. A tattara su kamar yadda aka yi a baya, damar cin kuɗi ta koma 1 cikin 92.

To daga ina 9.3 ta fito? Daga sabon mataki da aka ƙirƙira a ƙasa. Wanda ya dace da lambobi biyu, abin da ke faruwa kusan sau ɗaya cikin goma, yanzu shi ma ya ci. Abin da ya ci kuwa tikiti ne na kyauta, wanda suke kira Lucky Dip, na'ura ce ma za ta zaɓa masa lambobin, na zagaye mai zuwa. Ba a canza shi da kuɗi. Cikin duk mutum goma da sabon lissafin ke kira masu nasara, tara wannan tikitin suka samu.

Nawa ne darajarsa? A jikinsa an rubuta fam biyu. Amma tunda kusan rabin kuɗin shiga ne ke dawowa a matsayin kyauta, ainihin abin da tikitin ke ɗauke da shi a matsakaici bai fi fam ɗaya ba, kuma wannan fam ɗayan ma rabon babbar kyauta ne ya kumbura shi. A zahiri, kusan sau tara cikin goma tikitin kyautan ba ya kawo komai. Sau ɗaya cikin goma ya haifi wani tikitin. Sau ɗaya cikin 92 ya kawo kuɗi. Mutum ya ba da fam biyu, an ce masa ya ci, ya dawo bayan kwana uku ko huɗu ya duba, ya tafi hannu rabbana. A littafin kamfani yana cikin masu nasara.

A yi wa Camelot adalci: tikitin ba banza ba ne, dama ce ta biyu. Idan aka bi sarkar har ƙarshe, tikiti ya haifi tikiti ya haifi wani, damar fam biyu ta ƙare da kawo tsabar kuɗi tana gyaruwa daga 1 cikin 92 zuwa kusan 1 cikin 83. Wannan ita ce lambar da ta dace a ajiye kusa da 54, domin su biyun abu ɗaya suke aunawa. An ajiye 9.3 kusa da 54 kamar ma'auninsu ɗaya, alhali ɗaya kuɗi take ƙirgawa, ɗaya kuma takarda. Mai awo ne ya rage mudu ya ƙara gyara, sannan ya tsaya yana shelar gyaran.

Akwai kuma wata riba da kamfanin ke samu wadda ba ta bayyana a lissafin dama. Wanda ke riƙe da tikitin kyauta dole ya waiwayi zagaye na gaba, ya koma shago ko ya buɗe manhaja, kuma wanda ya je karɓar na kyauta ba wuya ya ƙara da na saye. Masu kamfanonin cacar ƙwallo a waya sun san wannan sarai, shi ya sa garaɓasar da suke bai wa sabon shiga ba a cire ta, sai dai a sake zuba ta.

Albishir na biyu: 1 cikin miliyan 10

Wannan ya fi na farko dabara. An sauya ƙuri'ar 2013: maimakon mutum 50 masu fam 20,000, yanzu a kowane zagaye za a ciro mutum ɗaya a ba shi fam miliyan ɗaya cif, da wasu 20 masu fam 20,000. Hanyar zama miloniya ta zama biyu ke nan, babbar kyauta ko ƙuri'a. Camelot ya haɗa su ya ce 1 cikin miliyan 10.

Bambancin hanyoyin biyu shi ne gaba ɗayan zancen. Damar babbar kyauta ba ta motsi: ko mutum goma suka yi wasa ko miliyan hamsin, 1 cikin 45,057,474 ce, domin ƙwallaye ne ke yanke ta. Ƙuri'a kuwa mutum ɗaya ake cirowa daga cikin duk layukan da aka sayar, don haka damarta tana bin yawan ciniki. Kafin haɗin biyun ya ba da 1 cikin miliyan 10, sai an ɗauka cewa layukan da ke cikin ƙuri'ar kusan miliyan 13 ne. A ce miliyan 20 aka sayar a wani zagaye, haɗin zai koma kusan 1 cikin miliyan 14, wato inda aka baro. A ce miliyan 30 ne, ya zama 1 cikin miliyan 18, ya fi na da muni.

A duba abin da wannan ke nufi. An yi tallar ne don a jawo ƙarin masu saye. Duk lokacin da ta yi aiki, mutane suka yi tururuwa, lambar da ta yi alkawari sai ta lalace. Ta fi zama gaskiya a daren Larabar da kasuwa ta yi sanyi, ta fi nisa da gaskiya a Asabar ɗin da kuɗi suka taru kowa ya fito, wato daidai ranar da mafi yawan mutane ke saye suna tuna ta. Lamba ce ta hasashe da matsakaici, aka jera ta kafaɗa da kafaɗa da miliyan 14, wadda ita tabbatacciya ce ba ta canzawa.

Sannan miloniya suna suka tara. Wanda ya ci babbar kyauta shi kaɗai yakan tafi da miliyoyi da yawa. Na ƙuri'a miliyan ɗaya ne ba ƙari. Kuma yawan masu cin ƙuri'ar ya sauko daga 50 zuwa 21, abin da ba a yi masa ganga ba. Jimillar kuɗin ƙuri'ar ta ƙaru, daga fam miliyan ɗaya zuwa miliyan 1.4, amma an tattara mafi yawansu a hannun mutum guda domin a sami abin rubutawa a allon talla.

Tallar talabijin da ta raka sabon wasan ma ba ta shiga lissafi ba. An ɗauko fitattun mutanen da jama'a da yawa ke jin haushinsu, irin su Piers Morgan da Katie Price, ana nuna shirmen da za su yi da kuɗin idan suka ci, ana roƙon mai kallo ya saya don kada su ne su ci. Raha ce, kowa ya sani. Amma ko ita ɗin an gina ta a kan abin da ba haka yake ba: tikitinka ba ya rage damar lambobin wani su fito ko da ƙwayar zarra. Iyakarsa idan kun dace tare ku raba.

Abin da ake nema tun farko

Kamfanonin caca sun daɗe da sanin cewa ciniki ba ya bin dama, girman kuɗin da aka rubuta a ƙofar shago yake bi. Mutum ba ya jin bambancin 1 cikin miliyan 14 da 1 cikin miliyan 45 a jikinsa, duka biyun sun wuce abin da zuciya ke iya hasko wa. Amma bambancin fam miliyan 4 da miliyan 40 kowa na jin sa. Hanyar tara irin wannan kuɗi kuwa ɗaya ce: a yi zagaye babu wanda ya ci, kuɗin su tsallaka zuwa na gaba.

A ce an sayar da layi miliyan 20, kuma an zaɓi lambobin barkatai. Da ƙwallaye 49, damar a tashi babu mai ci kusan kashi 24 cikin ɗari ce. Da 59 ta haura kashi 64. Gaskiyar ma ta fi haka, domin mutane ba barkatai suke zaɓa ba. Da yawa ranakun haihuwa suke sawa, waɗanda ba sa wuce 31, wasu kuma sun riƙe lambobi shida tun 1994 ba sa canzawa. Lambobi 50 zuwa 59 ba ranar haihuwar kowa ba ne, ba sa kuma cikin tsohon layin kowa.

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. Daga tsakiyar Nuwamban 2015 babbar kyauta ta yi ta tsallake, zagaye 14 a jere babu mai ci, har ta kai fam miliyan 66 ranar 9 ga Janairu 2016, mafi girma a tarihin Lotto zuwa lokacin. Shaguna suka cika, shafin kamfanin na intanet ya yi ta sarƙewa. Tikiti biyu suka raba kuɗin, ɗaya na wasu ma'aurata a garin Hawick na Sikotilan, ɗaya kuma an saye shi a Worcester, kowanne fam miliyan 33. Shekarar kuɗi ta 2015/16 ta zama wadda Camelot ya fi ciniki tun kafuwarsa zuwa lokacin, kusan fam biliyan 7.6.

A daidai wannan watan na Oktoban 2015, a Amurka, masu cacar Powerball suka yi irin wannan aikin. Fararen ƙwallaye suka tashi daga 59 zuwa 69, jajaye suka sauko daga 35 zuwa 26. Damar cin wani abu ta gyaru daga kusan 1 cikin 32 zuwa 1 cikin 25, ita aka tallata. Ta babbar kyauta ta faɗi daga 1 cikin miliyan 175 zuwa 1 cikin miliyan 292. Ranar 13 ga Janairu 2016, kwana huɗu bayan na Birtaniya, kuɗinsu ya kai dala biliyan 1.586, tikiti uku suka raba. Ba dabarar kamfani ɗaya ba ce, salon sana'ar ne.

Mai karatu a Legas ko Kano ko Kumasi da ke son ma'auni na kusa, ya dubi cacar lambobi biyar cikin 90 da ake bugawa a ƙananan rumfuna a Najeriya da Gana. Dacewa da biyar ɗin 1 cikin 43,949,268 ce, kusan daidai da sabon Lotto. Shahararren wasan lambobi biyu kuwa damarsa 1 cikin 400 ce, ana biyan ninki 240. Ninkin kowa ya haddace shi; 400 ɗin ba a rubuta ta a jikin rumfa.

Daren 23 ga Maris 2016

Ranar Laraba ce. Lambobin da suka fito su ne 7, 14, 21, 35, 41, 42. Biyar daga cikinsu 'ya'yan bakwai ne, kuma ashe dubban mutane sun saba buga 7, 14, 21, 28, 35, 42. Mutum 4,082 suka dace da lambobi biyar a dare ɗaya. A bisa damar 1 cikin 144,415, ko layi miliyan 20 aka sayar, wajen mutum 140 ake sa ran gani.

Kyautar lambobi uku tsayayya ce, fam 25. Ta lambobi biyar kuwa wani kaso ne ake warewa a raba wa duk waɗanda suka dace, abin da kamfanin ke ƙiyasta shi a kan kusan fam dubu ga kowane mutum. A wannan dare kowa ya tashi da fam 15. Wanda ya dace da biyar ya sami ƙasa da wanda ya dace da uku, ƙasa kuma da wanda ya dace da huɗu, da ya karɓi fam 51. Mutane sun ga lambobinsu biyar a allo, wasu sun fara kiran 'yan uwa, kafin a fitar da rabon.

Camelot bai karya doka ba, haka ƙa'idar rabon take a rubuce, kuma irin haka ta taɓa faruwa: ranar 14 ga Janairu 1995 mutum 133 suka raba babbar kyauta, kowa ya sami fam 122,510. Amma daren ya tona wani gefe na tallar. Alƙaluman dama suna gaya maka sau nawa za ka dace. Ba sa gaya maka mutum nawa za ka tarar a wurin. Ƙiyasin fam dubu an gina shi ne a kan 'yan wasan da ke zaɓe kamar na'ura, kamfanin kuwa shi ke riƙe da bayanan kowane layi da aka saya, ya fi kowa sanin ba haka mutane ke yi ba. Ga jama'ar da tun Oktoba ke ƙorafin sun daina cin ko fam 25 ɗin da suka saba gani jefi-jefi, wannan ya zama hujja a hannu.

Wa ya kamata ya tsawata?

Ba a sauya ƙa'idar wasa sai da amincewar hukumar kula da caca, Gambling Commission, wadda ta karɓi sa ido kan cacar ƙasa a 2013. Dokar 1993 da ta kafa cacar ta ɗora wa mai sa ido nauyi uku: ya tabbatar ana gudanar da ita bisa gaskiya, ya kare muradun 'yan wasa, sannan bayan waɗannan ya ga cewa kuɗin da ke zuwa ayyukan alheri sun yi yawa iya yiwuwa. Nauyi na uku da ciniki yake tafiya. Gwamnati na da kashi 12, ƙungiyoyin wasanni da na agaji na jiran nasu, mai kamfanin kuma a lokacin, tun daga 2010, asusun fansho ne na malaman makarantar lardin Ontario a Kanada, wanda riba ya zo nema. A wannan teburin, wanda kawai zai amfana da a rubuta 1 cikin 92 da manyan baƙaƙe shi ne mai saye, kuma ba ya wurin.

Ba a ɓoye miliyan 45 ɗin ba. Tana cikin jadawalin da kamfanin ya wallafa, jaridu kuma sun sa ta a kanun labarai tun ranar sanarwa, masana lissafi suka yi ta warware ta. Matsalar ita ce ma'aunin da aka saba duba talla da shi yana tambayar ko lambar da aka faɗa gaskiya ce, kuma ko akwai hujjarta. Tambayar da ta fi dacewa a nan ita ce ko lambobin biyu da aka gwama abu ɗaya suke aunawa. A albishir na farko an gwama kuɗi da tikiti. A na biyu an gwama tabbas da hasashe.

Hukuncin da ya yi tasiri daga aljihun 'yan wasa ya fito. A shekarar 2016/17 cinikin Camelot ya faɗi da kashi 8.8 cikin ɗari, ya koma kusan fam biliyan 6.9, kuma kamfanin da kansa ya nuna yatsa ga wasannin fitar da lambobi, musamman Lotto. Ba ƙwallaye goman kaɗai za a ɗora wa laifi ba. A Satumban 2016 an ƙara kuɗin EuroMillions, wata cacar ƙasashen Turai da Camelot ke sayarwa a Birtaniya, zuwa fam biyu da rabi, damar babbar kyautarsa ta koma kusan 1 cikin miliyan 140, ga kuma gasa daga wasu cacar irin su People's Postcode Lottery da Health Lottery. Shugaban kamfanin Andy Duncan ya sauka a 2017, Nigel Railton ya jagoranci bitar harkar gaba ɗaya, daga baya ya gaje shi. A Disambar shekarar ofishin binciken kuɗin gwamnati, National Audit Office, ya fitar da rahoton da ya nuna kuɗin ayyukan alheri sun ragu da kashi 15 cikin ɗari a shekara guda, kuma tsakanin 2009/10 da 2016/17 sun ƙaru da kashi 2 kacal, yayin da ribar Camelot ta ƙaru da kashi 122.

A Nuwamban 2018 aka sake fasalin wasan. Aka soke ƙuri'ar miloniya, wato ginshiƙin da 1 cikin miliyan 10 ke tsaye a kai, bayan shekara uku kacal. Aka tsayar da kyaututtuka: uku fam 30, huɗu fam 140, biyar fam 1,750, biyar da ƙwallon ƙari fam miliyan ɗaya. Aka kuma ce babbar kyauta ba za ta tsallake fiye da sau biyar ba; idan zagaye na gaba ma ba a ci ba, a rarraba kuɗin ga na ƙasa. Abin lura, wannan gyaran ya samar da abin da tallar 2015 ta yi iƙirari ba ta cika ba. Cikin jeri 45,057,474, guda ɗaya ke ba da babbar kyauta, shida ke ba da biyar da ƙari. Bakwai ke nan, wato kusan 1 cikin miliyan 6.4, kuma ƙwallaye ne ke yanke wannan, ba yawan ciniki ba. A wannan gyaran dai ba a rage ƙwallaye 59 ɗin ba, ba a kuma cire tikitin kyauta na lambobi biyu ba.

A Maris 2022 hukumar ta zaɓi Allwyn, kamfanin attajirin ƙasar Cek Karel Komárek, ya karɓi lasisi na huɗu daga 1 ga Fabrairu 2024. Camelot ya garzaya kotu, daga baya ya janye, ƙarshenta Allwyn ɗin ne ya saye shi daga hannun asusun malaman Ontario.